i7 na okaziyo ko Ryzen 5 sabo? Yayyena ku duba min kafin in kashe kuɗɗina

Autan Zariya: Salamu alaikum 'yan gida. Don Allah shawara nike so. Na tara jika 400 ina son in haɗa ordinatar ta tebur wadda zan riƙa buga FC da GTA V da ɗan Warzone in intanet ta yarda, kuma da ita ɗin zan riƙa yin montaj na bidiyon biki da suna don nan abincina yake. Wani ya gwada min tur okaziyo ya ce i7 ce da RAM 16, in ƙara kart grafik kawai shi ke nan. Abokina kuma ya ce in rabu da ita in sai Ryzen 5 5600. To ni abin da ya ɗaure min kai, ta yaya 5 za ta hi 7?

Mai Gyara Bagalam: Wa alaikumus salam Auta. i7 ta wace shekara? Koma ka karanto muna lambar da ke bayan i7 ɗin, kuma kar ka duba takardar da anka liƙa ma akwatin, a kunna ta gabanka ka shiga Task Manager ko ka sa CPU-Z ka gani da idonka

Autan Zariya: Yaya na kira shi, ya ce 4790

Mai Gyara Bagalam: To ai magana ta ƙare. Wannan ta 2014 ce ƙanena, jenerasiyo ta huɗu, kor 4, wato ƙananan ƙwaƙwalen da ka aiki cikin porosesa, da layin aiki 8, kuma tsohuwar RAM DDR3 take ci. A zamaninta sarauniya ce ba wanda ya musa, amma yanzu i3-12100 ta 2022 ita ma kor 4 gare ta kuma ta bar ta nesa. Lambar farko bayan i7 ko i5 ita ka gaya maka jenerasiyo, 4790 ta huɗu, 8700 ta takwas, 12400 ta sha biyu. Mutanenmu sunan i7 kawai suke ji su zaro kuɗɗi, masu saidawa kuma sun san da haka shi ya sa ba su taɓa hwaɗin lambar sai ka tambaya

Malam Info: Bari in ƙara a kan maganar maigida. Ko ba don wasa ba, akwai matsalar Windows. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance daga jenerasiyo ta 8 ta Intel take farawa, ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da cip ɗin tsaro TPM 2.0. Ana iya tilasta ta a kan 4790, muna yi wa mutane, amma mutumin da zai zuba jika ɗari huɗu bai kamata ya fara da dabara ba tun ranar farko.

Sannan irin waɗannan tur na ofis da ake kawowa daga Turai, ka buɗe gefenta ka leƙa. Alimantasiyon cikinta ƙarama ce, sau da yawa wat 240 ko kusa da haka, ba ta da wayar nan mai baki 6 ko 8 da kart grafik ke buƙata, kuma wasu fulogin nasu na kamfani ne ba za ka iya canza ta da ta kasuwa ba cikin sauƙi. In siririyar ce ma kart ɗin ba zai shiga ba, murfin ba zai rufu ba. Iyakarka GTX 1650, wanda wat 75 yake sha daga kart mer, wato babban allon da komai ke haɗe a kansa.

Alhaji Ɗan Kwatano: Kai malam ku bar ɓata muna kasuwa mana 😂 mashin ɗin nan ƙarfe ne, shekara goma suna aiki a ofisoshin Turawa ba su mutu ba, yaran da ke sibar duk da su suke buga GTA

Malam Info: Alhaji ba mu ce ba su da ƙwari ba. Ga sakatariya, ga boko, ga butik, ni ma ita zan ce a saya. GTA V wasan 2015 ne a kwamfuta, dole ta ɗauke shi. Amma yaron nan ya ce Warzone da montaj.

Sarkin FC: Ni dai in ana batun wasa to a daina wahala, X3D kawai. 7800X3D ko 9800X3D, duk duniya an san su ne sarakan wasa, i9 ma tana bin bayansu a yawancin wasanni ga shi ba su shan wuta kamar ta. Auta ka ƙara haƙuri ka ƙara tari ka sai abu na gaske sau ɗaya

Ɗalibar UDDM: Sarki jika 400 ya ce hwa. 7800X3D dala 449 aka sa mata ranar da ta hito a 2023, ka lissafa da sefa ka ga abin da zai rage mishi, ga kart mer mai sabon gurbin porosesa AM5 ga sabuwar RAM DDR5 dole, to da mi zai sai kart grafik, ko porosesar zai zauna yana kallo

Sarkin FC: To ya sai 5700X3D mana, ita tsohon gurbi AM4 ce DDR4 take ci

Autan Zariya: Ku tsaya don Allah, mi ne ne X3D ɗin kuma? Ni duk kun rikita ni

Malam Info: Auta, cikin kowace porosesa akwai wata 'yar ma'ajiya mai sauri ƙwarai da ake ce wa kash. Ka ɗauki mai shayi: abin da ke kan teburinsa, sukari da madara da Lipton, hannu kawai yake miƙawa, amma in ya ƙare sai ya aiki yaro butik, kai kuma kana zaune kana jira. Teburin shi ne kash, butik ɗin RAM. Ryzen 5 5600 tana da mega 32 na babban kash da ake ce wa L3, i5-12400 tana da 18, su kuma X3D an ɗora musu wani faifan kash a kai sun kai mega 96. Wasa yana yawan neman ƙananan bayanai iri ɗaya a kai a kai, shi ya sa yake jin daɗin babban kash fiye da yawan kor. AMD ta fara wannan da 5800X3D a Afrilun 2022.

Amma ga inda nake saɓawa da Sarki. Wannan ribar ba ta fitowa sai in kart grafik ɗinka ya fi ƙarfin porosesar, wato yana jiranta. In kart ɗinka RX 6600 ne ko RTX 3060, a yawancin wasanni shi ne zai cika ɗari bisa ɗari tun kafin 5600 ta gaji. Kuma ekran ɗinka fa? In na 60Hz ne, hoto 60 kawai zai nuna maka a daƙiƙa ko da mashin tana fitar da 200. Waɗannan gwaje-gwajen da kuke gani a YouTube da kart mafi tsada a duniya ake yin su, da gangan, don a ga bambancin porosesa. Ba halin da muke ciki ba ne.

Sarkin FC: Malam Warzone hwa tana cin porosesa sosai, kuma ba yawan FPS, wato hoto nawa a daƙiƙa, kawai ba, ɗan tsayawar nan da wasa ka yi lokacin da anka taru ana harbi, X3D tana rage shi, wanda bai taɓa bugawa a kai ba ba zai gane ba

Malam Info: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma da intanet ɗinmu, tsayawar da zai gani a Warzone rabinta daga rezo ce, sabar tana Turai.

Sarkin FC: Nan kam ka kama ni 😂

Anti Mai Studiyo: Sannunku. Duk kun tsaya kan wasa kun manta yaron ya ce montaj ne abincinshi. Auta ɗana ni wannan aikin nike yi, bari in gaya maka abin da ka wahal da mutum. Ranar biki za a kawo maka bidiyo daga kamera, daga iPhone ɗin ƙawayen amarya, daga wayar ango, kowa da irin nashi, na iPhone yawanci tsarin matse bidiyo H.265 ne kuma shi ya hi nauyi wurin jan layi gaba da baya. Kana cikin haka Chrome na buɗe, WhatsApp na buɗe uwar amarya na aiko da hotuna tana kira an gama ko ba a gama ba, Photoshop na buɗe kana haɗa katin gayyata na wani. Nan ba FPS ka cece ka ba. RAM ce da SSD. Da 16 za ka yi aiki amma in ka fara taɓa 4K za ka ji tana nishi, in da hali ka sa 32, kuma sanda biyu ba ɗaya ba don su yi aiki tare. Kar ka kuskura ka ɗora aikin da kake yi bisa tsohon disk mai juyawa, shi ajiya kawai.

Kuma ni Intel nike so don Quick Sync. Ɗan grafik ɗin da ke cikin porosesar shi ka ɗaukar nauyin buɗe H.264 da H.265, sai layin montaj ya yi santsi. Amma ka kiyaye, wadda ke da F a ƙarshe kamar 12400F ba ta da shi, an kashe grafik ɗin ciki shi ya sa ta hi arha

Ɗalibar UDDM: Anti ai in ya sai kart na Nvidia kamar RTX 3060 shi ma yana da nashi mai buɗewa da mai fitar da bidiyo, NVDEC da NVENC, Premiere da DaVinci duk suna aiki da shi, CapCut ma

Anti Mai Studiyo: Haka ne ɗiyata. Amma akwai wata riba, ran da kart grafik ya mutu, kuma da wutarmu yana mutuwa, mai 12400 marar F zai cire shi ya sa waya a kart mer ya ƙarasa aikin mutane. Mai 5600 ko 12400F baƙin ekran zai zauna yana kallo ga biki jibi

Mai Gyara Bagalam: Wannan magana ta Anti ku riƙe ta, ni ma wurin gyara in mashin ba ta da grafik na ciki sai na nemo wani kart kafin in san ina ciwon yake

Autan Zariya: To ai na ga akwai 5600G, an ce ita tana da grafik a ciki, ba sai in ɗauke ta ba in huta?

Malam Info: Tana da shi, kuma nata ya fi na Intel ƙarfi a wasa, za ka buga eFootball da GTA V a kai ba tare da kart ba in ka rage saituna. Sai dai an biya da wani abu: kash ɗinta 16 ne maimakon 32, kuma hanyar da take magana da kart grafik tsohuwa ce, PCIe 3.0. In ka san za ka sa kart tun yanzu 5600 ta fi ta. In kuma kuɗin kart ne babu sai bayan kaka, to 5600G hanya ce. Ka kula da 5500 ita ma, sunan ya yi kusa amma kash 16 ne kuma ba grafik.

Na Sabon Gari: Ku duk kuna ta kor 6 kor 6, ni na yi odar kit na Xeon daga Sin, E5-2680 v4, kor 14 layin aiki 28, da kart mer da RAM duka kuɗin bai kai na Ryzen ɗinku ba. In multitasking ake so ai yawan kor ake nema ko?

Ɗalibar UDDM: Yaya wannan ta saba ce ta 2016, an ciro ta daga tsohin injinan kamfanoni. Kor ɗin da yawa amma kowane ɗaya a hankali yake, iyakarta 3.3GHz kuma tsohon gini ne. Wurin fitar da bidiyo za ta yi ƙoƙari, amma wasa kor kaɗan masu sauri yake so, FC ba ta san da zaman kor 14 ɗinka ba. Ga shi Windows 11 ba ta karɓe ta ba a hukumance

Na Sabon Gari: Ni dai tawa tana aiki lahiya lau

Mai Gyara Bagalam: Allah ya sa ta ɗore. Ni abin da ka ba ni tsoro ba porosesar ba ce, kart mer ɗin ne, yawancinsu da tsohin cip anka haɗa su kuma in ta lalace ba wanda za ka kai ma ƙara

Ɗan Intel: An bar ni a baya. Auta kar su ruɗe ka, in aiki da yawa lokaci guda kake so Intel ta riga ta warware wannan tun jenerasiyo ta 12, ta raba kor gida biyu, manya na aiki mai nauyi da ƙanana na ayyukan bayan fage. i5-13400 kor 10 ce, manya 6 ƙanana 4, layin aiki 16. 13600K kuma 14 ce, 6 da 8, layi 20. Kana wasa bisa manyan, ƙananan na riƙe da Chrome da Discord da abin da kake saukewa. Ryzen 5600 ba ta da wannan, kuma wurin fitar da bidiyo 13600K ta yi mata nisa ba kaɗan ba

Sarkin FC: Ka gaya mishi kuma yadda 13 da 14 ɗin sunka riƙa lalacewa

Ɗan Intel: An gyara wannan tuni

Malam Info: Ku tsaya a faɗe ta daidai don kar a tsorata yaro. A 2024 Intel da kanta ta amsa cewa wasu porosesocin tebur na jenerasiyo 13 da 14 suna neman voltaj fiye da kima, abin yana cin su a hankali har su fara faɗuwa a tsakiyar wasa. Ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin kart mer, ta kuma ƙara shekara biyu a garanti. Abin ya fi shafar i7 da i9 da i5 masu K. Jenerasiyo ta 12 ba ta ciki, 13400 ma ba ta ciki. Amma gyaran yana hana lalacewa ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta ciwu, don haka ni ba zan sai 13700K ko 14900K ta hannu ba, ba ka san abin da ta gani ba, kuma garantin nan wa zai kai maka ita daga Maraɗi?

Mai Gyara Bagalam: To yanzu ku bari in yi magana a matsayin wanda ka buɗe mashinan nan kullum. Duk gwajin da kuke kallo cikin ɗaki mai kilim anka yi shi. Mu nan watan huɗu da na biyar zahi ya wuce 40, ɗakin Auta in kwano ne ya hi haka, iskar da bantilatar ka jawowa ita kanta mai zahi ce. Porosesa in ta kai iyakar zahinta, ta Intel digiri 100, da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, sai ka ga wanda ya biya kuɗin i9 yana samun aikin i5. 14900K tana iya jan wat 253, 13600K 181, 12400 117 in ta matsa, 5600 kuwa ba ta wuce 76. Wannan wutar duk zahi take komawa kuma cikin ɗakinka take zama.

Ga ƙura. Bayan hunturu in an kawo min mashin na cire bantilatar, abin da ke tsakanin haƙoran radiyatar ya zama kamar bargo, ja wur, sai na sa buroshi na kankare kafin iska ta wuce, mai ita kuma ya zo yana cewa virus ne. Masu sanyaya na ruwa ma ba na ba kowa shawara nan, famfon in ya tsaya ba ka sani sai mashin ta mutu. Babban radiyata na iska mai bantilatar 120, pat termik mai kyau, a hure ta duk wata biyu, ya isa.

Sai kuran. In an ɗauke kana tsakiyar fitar da bidiyon awa guda ka san yadda ake ji. Dole ondilar, wato batirin da ka riƙe mashin in an ɗauke wuta, cikin lissafinka, kuma 650VA da kuke gani ba wat 650 ba ce, wajen 360 zuwa 390 take ɗauka. 5600 da RX 6600 mai wat 132 da ekran za su zauna cikinta, amma ka ɗora 13600K da babban kart ka ji tana kuka. Wanda ke da sola ma ya san bambancin

Ɗan Intel: Maigida ai ana iya rage mata wuta cikin BIOS

Mai Gyara Bagalam: Ana iyawa, to don mi zai biya kuɗin abin da zai ɗaure ma ƙafa

Ɗan Intel: To 12400 hwa? Ita ba ta da zahi, kuma kart mer ɗinta na karɓar har jenerasiyo 14, akwai masu DDR4

Mai Gyara Bagalam: Ita ban da ja da ita. 12400 da 5600 a wasa kusan kai ɗaya suke, duk kor 6 layi 12, duk 2022 sunka hito. Wadda ya samu da arha haɗe da kart mer ɗinta ita ce tashi. Don aikin Anti ma na hi karkata ga 12400 marar F

Ɗalibar UDDM: Amma AM4 ba ta mutu ba? Tun 2022 AMD ta koma AM5, ni na ga kamar gara ya shiga Ryzen 5 7600 ko da zai matsu, gaba ya samu wurin ƙari

Malam Info: Sababbin jenerasiyo ba za su zo mata ba, haka ne. Amma daga 5600 akwai inda za a hau a kan kart mer ɗaya: X3D in wasa ya fi ƙarfi, 5900X mai kor 12 ko 5950X mai 16 in montaj ya bunƙasa. AM5 kuma DDR5 kawai take karɓa, ga kuɗin RAM ya yi tashin hauka tun ƙarshen 2025. A kan jika 400 duk abin da ya ƙara a can daga kart grafik zai cire shi, kuma kart ɗin ne ya kamata ya ci kaso mafi girma.

Alhaji Ɗan Kwatano: To ni i7 ɗina wa zai saya kenan

Anti Mai Studiyo: Alhaji kawo min ita in ba yarinyar da ke buga min takardu, amma ka sauko da kuɗin

Autan Zariya: Na gode yayyena da Anti. Abin da na rubuta: 12400 marar F ko 5600 duk wadda ta hi sauƙi, RAM sanda biyu, SSD, RX 6600 ko RTX 3060, alimantasiyo mai kyau, ondilar. Zan tambayi farashi nan da kuma wurin masu zuwa Kano. In 5600 ɗin ce, wane kart mer?

Mai Gyara Bagalam: B550 in kuɗɗi sun kai, in ba su kai ba B450 ta isa, sai dai B450 ta riga Ryzen 5000 hitowa, in tsohon BIOS ke kanta ba za ta tashi ba sam, bantilatar na juyawa ekran baƙi. Ka ce ma mai saidawa ya haɗa ya kunna gabanka, ko ka nemi mai ɗan maɓallin sabunta BIOS a baya wanda ka yi da kile USB ba tare da porosesa ba. Kuma in ba cikin kwalinta ta zo ba ka juya ta ka duba ƙasan da hasken waya, a AM4 alluran jikin porosesar suke, ɗaya in ya lanƙwashe wani lokaci sandar RAM guda ce za ta ɓace maka. A Intel alluran cikin kart mer suke, can za ka duba

Sarkin FC: Kart ɗin kuma 3060 zai ɗauka, giga 12 gare shi, 6600 takwas ne

Ɗalibar UDDM: Don montaj na yarda, amma wat 170 yake sha, ka koma ka karanta abin da maigida ya ce kan ondilar

Mai Gyara Bagalam: In 3060 ce ya ɗauki 1000VA kawai, kuma kar ya haɗa firinta a kanta